Dogon ƙwan fitila da dashen attaruhuna a Ottawa

Attaruhun kanti a nan Ottawa ba shi da ƙamshin na gida, shi ya sa na ce bari in shuka nawa. Matsalar sanyi ce. Ba a kai dashe waje sai wajen ƙarshen Mayu, bayan hutun Victoria Day, alhali attaruhu yana son a fara renonsa tun watan Maris. Dole sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda rana ba ta leƙowa.

Shekarar farko na sayi dogon ƙwan fitila irin na kicin, T8, na maƙala shi a silin. Iri ya tsiro, na yi murna. Ba a yi mako uku ba suka miƙe siri-siri kamar zare, ganyen ya koɗe, ɗaya bayan ɗaya suka kwanta.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ganar da ni. Shi wiwi yake shukawa, tunda doka a Kanada ta halatta tun ranar 17 ga Oktoba 2018, kowane gida tushe huɗu. Ni ban taɓa sha ba, ba na kuma marmari, amma ilimin fitila bai san wiwi da attaruhu ba. Ya sauko, ya ɗaga kai ya ga ƙwan can sama, ya fashe da dariya. Ya ce hasken irin wannan ƙwan ba ya tafiya nesa, tsiron yana miƙewa ne neman abin da bai kai gare shi ba.

Na koma na sayo wani dogon ƙwan da ake kira T5, mai ƙarfi, mai tsawon ƙafa huɗu, wat 54, mai lamba 6500K, wato farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi da ganye ke so. Mai 2700K ja-ja ne, an fi amfani da shi lokacin fure. Amma gaskiya sarƙa ce ta fi yi mini aiki. Na rataye fitilar da ita, na sauko da ita har saura kamar faɗin yatsu huɗu tsakaninta da kan tsiron. Duk bayan kwana biyu ko uku in ɗaga ta da ƙugiya ɗaya. Idan na sa bayan hannuna a kan ganyen na ji ɗumi kawai, to lafiya lau. Na haɗa da agogon da ke kunna wuta ya kashe da kansa, awa 16 haske, takwas duhu.

Tsiron da ke bakin ƙwan, ta gefe biyu, ya fi sauran rama, don hasken ya fi rauni a can. Sai na riƙa juya tire-tiren kowace Asabar.

Na taɓa ƙoƙarin barin tushe ɗaya a ciki har ya yi 'ya'ya. Ya yi fure, furen ya zube, na tsinci ƙwaya uku kacal. Maƙwabcin ya ce shi ma reno kawai yake yi da T5, idan tsiro ya girma sai ya koma wata fitilar. Ƙwan fitila ɗaya kuma ya faɗo ya fashe mini, kuma akwai sinadarin makuri a cikinsa, sai na buɗe taga na fice, daga baya na kwashe gilashin da kwali na kai wurin karɓar shara mai guba. Sauran dashen na kai su lambu ranar 25 ga Mayu, tushe goma sha biyu, gajeru masu kauri.