Ɗakin Faraday a ƙarƙashin ƙasa

Kwas na mako biyu ne ya kai ni Landan, amma tun daga Kano na ƙudurta ba zan dawo ba sai na leƙa ɗakin da masanin kimiyya Michael Faraday ya yi aiki. Sana'ata jona zaren gilashi na intanet. A bakin lesar da ke harba haske cikin zaren akwai wata 'yar na'ura, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, wadda ke barin haske ya fita amma ta hana shi komowa. Ni ƙyauren haske nake ce mata, kuma tushenta yana wancan ɗaki.

Ƙanena da ke karatu a can ne ya raka ni. Muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Green Park, ana yayyafi, muka taka zuwa lamba 21 a titin Albemarle, ginin cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Ba a karɓi ko sisi ba. Muka gangara ƙasa.

Ɗakin ƙarami ne, an jera shi kamar yadda yake a zamanin mai shi: kwalabe a kan kanta, tebur na katako, ga wani jibgegen maganaɗisun lantarki da aka naɗe da waya. A nan ne, ranar 13 ga Satumba 1845, Faraday, ɗan maƙerin nan da ya fara da koyon ɗinkin littattafai, ya haska fitilar mai ta cikin wani gilashi mai nauyi, mai dalma a ciki, wanda shi da kansa ya narka shekaru kafin nan. Da ya kunna maganaɗisu, sai fuskar da hasken ke kaɗawa ta juya.

"Yaya, to juyawar me ta tsinana?" in ji ƙanena.

Na ɗaga tafin hannuna a tsaye na nuna masa. A cikin ƙyauren haske akwai matatai biyu, kowanne ba ya barin haske ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska ɗaya. Haske yana ratsa mataci na farko a tsaye, kamar mai bi ta tsagar asabari. Sai ya shiga wani dutse mai ɗaukar ido da maganaɗisu ya kewaye, ya karkata digiri 45, ya tarar da mataci na biyu an karkata shi daidai haka, ya wuce abinsa. In wani abu ya maido shi, maganaɗisun ba ya warware karkatar farko, ƙara masa wata 45 yake yi. Ya zama 90 ke nan, ya iso mataci na farko a kwance, ƙofa a rufe. Abin da ya fi burge ni ke nan, domin ruwan sukari ma yana juya haske, amma in hasken ya komo sai juyawar ta warware. Maganaɗisu bai damu da inda haske ya dosa ba.

Na san muhimmancin wannan a hannuna. Ƙura kaɗan a bakin mahaɗi tana maido haske cikin lesa, ta rikita ta, layi ya riƙa tsinkewa. Yau a harkar sadarwa, dutsen garnet mai ƙarfe ake sawa a madadin gilashin Faraday, don yana juya haske sosai a ɗan siririn yanki.

Na daɗe a tsaye har ƙanena ya taɓa ni cewa la'asar ta yi. Na ɗauki hoton teburin na tura wa abokan aikina a Kano, muka hau matakala muka fita neman wurin alwala.