Akwatin fentina a kan hanyar Yamai zuwa Tawa

Shekara shida ke nan da na fara shafa wa ƙananan siffofi launi a ɗakina da ke Yamai: raƙuma, mahaya dawaki, raƙuman dawa irin na Kure, da ƴan kokowa waɗanda tsayin kowannensu bai wuce milimita 32 ba. Mahaifiyata tana Tawa, nakan je gaishe ta sau uku ko huɗu a shekara in yi mako guda ko biyu, kuma ba na son hannuna ya yi sanyi a tsawon waɗannan kwanaki. Saboda haka dole ta sa na koyi yadda ake ɗaukar kayan wannan aiki a kan hanyar da ta kai kimanin kilomita 550, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kafin a karkata arewa.

Tafiyata ta farko da kayan ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana kan haura maki 40 kusan kullum. Na tattara duk kwalaben da na mallaka, wajen arba'in, na zuba su a jaka guda tare da buroshi da siffofi bakwai da na kusa gamawa, na miƙa aka saka a ma'ajin kaya na ƙarƙashin bas. Da na buɗe jakar da dare a gidanmu, sai na tarar kwalabe biyu sun tsiyaye, ja ya malale a kan sauran, wasu kuma masu murfin ɗagawa sun yi kauri kamar tuwon da ya kwana. Ɗan kokowar da na yi kwana tara ina aiki a kansa, wanda na so in kai wa ƙanena domin a garinmu aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975, ya gogu da ƴan uwansa har launin kafaɗarsa ya ɓare. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma laifin nawa ne, domin ban fahimci halin fentin da nake aiki da shi ba.

Fentin akirilik ruwa ne ke riƙe da shi. Muddin ruwan yana nan, ana iya sirka shi a shimfiɗa shi yadda ake so, amma da zarar ya tsane, abin da ya rage yakan zama fata mai kama da roba wadda ruwa ba ya sake narkar da ita. Wannan shi ne bambancinsa da tawadar malamai, wadda in ta bushe a kurtu sai a ɗiga mata ruwa ta dawo. Zafi yana sa iskar da ke cikin kwalba ta kumbura ta tura fentin waje ta duk inda murfi bai kama ba, girgizar hanya kuma tana kai fenti bakin murfin, ya bushe a can, ya hana shi rufuwa da kyau a gaba. Tun daga ranar na mayar da launukana cikin ƙananan kwalabe masu ɗigo, irin na maganin ido, masu cin mililita 17, domin bakinsu ƙarami ne kuma murfinsu murɗawa ake yi. A kowace kwalba na jefa ɗan dutsen gilashi guda, saboda launi yakan kwanta a ƙasa idan an daɗe ba a taɓa shi ba, dutsen ne ke tayar da shi in an girgiza. Na taɓa gwada ƙwallayen ƙarfe na keke, suka yi tsatsa suka ɓata mini fari.

Abin da ya fi mini wuya shi ne rage yawansu. Mai wannan aiki yana ganin kamar kowace kwalba da ya bari a gida ita ce zai nema, amma da na zauna na lissafa, sai na ga goma sha biyu sun ishe ni: fari, baƙi, ja, rawaya, shuɗi, kore, ruwan ƙasa iri uku domin fatar mutum da jikin raƙumi, ruwan azurfa, ruwan zinariya, da ruwan kariya marar launi da ake shafawa a ƙarshe. Sauran duk haɗawa nake yi, kuma a ganina wannan takura ta gyara mini ido fiye da shekarun da na yi ina sayen sabon launi duk lokacin da na samu kuɗi. Ina jera su a tsaye cikin ƙaramar roba mai murfi, in cusa soso a tsakaninsu, in saka robar a leda in ɗaure, sannan in riƙe ta a jakar da ke kan cinyata. Ba na sake yarda ta shiga ma'ajin ƙasa ko ta hau saman mota.

Buroshi ne ya fi komai tsada a wurina, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. Uku kawai nake ɗauka, lamba 0 da 1 da 2, kuma darajar kowannensu tana ga tsinin bakinsa. Idan ya lanƙwashe na sa'o'i a cikin jaka, da wuya ya sake miƙewa. Wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, na kai su wurin wani dattijon baduku na yi masa bayanin abin da nake so. Ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗan uwan alƙalami ne, kuma alƙalami ba a barin bakinsa ya taɓa gindin gafaka." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ɗinka mini shimfiɗar fata mai naɗewa, kowane buroshi da aljihunsa da ke riƙe ƙotar, gashin kuma yana tsaye bai jingina da komai ba, ya sa kwali mai tauri a baya domin kada ta lanƙwasa. Kafin in saka su nakan wanke su da sabulu, in kula kada fenti ya maƙale a gindin gashi inda ƙarfe ya kama shi, domin a nan ne yake bushewa ya tarwatsa tsinin. Ina gyara bakin da yatsa, in bar su su bushe sarai. Da damina na taɓa rufe ɗaya da danshinsa, bayan kwana biyar na iske ya yi fumfuna.

Siffofin kansu na daɗe ina naɗe su da auduga, sai na lura zarenta yana kama mashi da jelar doki, yana kuma mannewa a fentin da bai gama ƙarfi ba. Yanzu ina manna ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin gindin kowace siffa, in tsayar da su cikin gwangwanin biskit, kowace nesa da ƴar uwarta. Sai an gwada gwangwanin tukuna, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyom. Siffar ƙarfe mai nauyi ina sa mata biyu. Da wannan dabara sun sha ramukan hanya ba tare da ɗaya ta motsa ba.

Gwangwanin feshi ba na tafiya da shi sam. A jikinsa an rubuta kada ya shiga zafin da ya wuce maki 50, kuma motar da ta tsaya a rana takan kai hakan. Shafen farko, wanda da feshin ake yin sa, a Yamai nake yi kafin in tashi. Ƴar wuƙar sassaƙa tana cikin hularta, gam kuma yana da ledarsa shi kaɗai.

A Tawa, mahaifiyata ce ta samo mini ma'aji. Ta ga ina neman wuri mai sanyi, ta ce, "Kai su gindin randa mana." Na ce, "To, Inna." Randa tana zufa, ruwan yana tashi yana sanyaya kewayenta, kuma lungun da take ya fi ko'ina sanyi a gidan. A nan robar fentin ke kwana. Wurin haɗa launi kuwa ina amfani da ƙaramar roba marar zurfi, in shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, in ɗora takardar da masu gasa kek ke amfani da ita. Danshin yana ratsowa ta ƙasa, ɗigon fenti ya yi sa'o'i bai bushe ba, alhali a kan faranti da hunturu minti kaɗan yake yi. Ba na tafiya da ita a jiƙe, sai na isa nake zuba ruwa, kuma kowace safiya ina wanke soson domin zafi yana sa shi wari. Ƙurar hunturu takan sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna har abada, shi ya sa duk siffar da na ajiye nakan kifa mata kofin shayi na gilashi, ina kuma fara aiki bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. A irin wannan safiya na sake shafa kafaɗar ɗan kokowar nan, na kai wa ƙanena a zuwana na biyu.