Saƙon godiya bayan difens

Alhamdulillah, jiya na tsaya gaban malamai a nan China na kare aikin digirin digirgir ɗina kuma sun amince. Tun daga lokacin waya bata huta ba, waɗanda ban samu ɗauka ba dan Allah ku yi min afuwa, na ga komai.

Da yawa kuna tambaya wai me nake yi haka a ɗakin gwaji shekara da shekaru. Wani furotin ne, endostatin, jikinmu da kansa yake samar da shi kuma aikinsa hana sabbin hanyoyin jini tsirowa. Shi ƙarin ciwon daji (kansa) baya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo hanyoyin jinin da za su ciyar da shi, in an hana shi ya zama kamar gonar rani da aka datse wa ruwa. Wani likita a Boston, Judah Folkman, ya faɗi haka tun 1971 mutane da yawa basu yarda ba, sai ga ɗakin gwajinsa ya gano wani furotin mai irin wannan aikin, angiostatin, a 1994, sannan endostatin a 1997.

Baba da Inna, addu'arku ce ta riƙe ni wallahi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Uwargida kin riƙe gida da yara ke kaɗai ga makaranta ga rashin lafiyar ƙaramin, ko sau ɗaya baki ce in ajiye karatu in dawo ba, Allah ya saka miki da Aljanna. Sufabaiza ta mai haƙuri, na gode. Sai 'yan uwa ɗalibai na Najeriya da Nijar, musamman wanda ya riƙa zuwa cikin tsananin sanyi yana canja wa ƙwayoyin halittar da nake rainowa abinci lokacin ina kwance a asibiti, ba dan shi ba da aikin ya lalace gaba ɗaya.

Masu turo min takardun majinyatanku, raina yana sosuwa sosai. Gaskiya ita ce a jikin ɓeraye endostatin ya yi aikin mamaki amma a jikin mutum bai kai haka ba, ko Endostar, maganin da aka yi daga endostatin, da China ta amince da shi a 2005 don kansar huhu tare da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa) ake bayarwa. Kar ku bar asibiti saboda abin da kuka karanta a Facebook, ni kuma ba likita bane. Allah ya basu lafiya, ya sa kaffara ne.

Insha Allah bayan na miƙa gyare-gyare ina hanya.