Littafin tsara aiki na shugaban darasi: yadda muke yinsa a maɗaba'armu

Sana'ata ita ce buga littattafan rubutu da ɗinke su, kuma a cikin duk abin da ƙaramar maɗaba'armu take fitarwa babu wanda yake cin tunanina kamar littafin tsara aiki da muke yi wa malaman da aka ɗora wa shugabancin darasi a makarantu, wato shugaban sashen lissafi, ko na kimiyya, ko na harsuna da makamantansu. Rajistar ɗalibai da littafin maki ba su da wuyar yi, domin layukansu sanannu ne tun da daɗewa. Shi kuwa wannan littafi, dole sai mutum ya fahimci aikin mai riƙe shi kafin ya ja masa layi ko da guda ɗaya.

Shugaban darasi malami ne da bai sauke nauyin azuzuwansa ba aka ƙara masa nauyin abokan aikinsa. Yana shiga aji kamar kowa, sannan shi ne yake raba manhaja a kan makonnin zango, ya duba shirin darasin malaman sashensa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda suke koyarwa, ya tattara tambayoyin jarrabawa ya tace su, ya tabbatar cewa malamai biyu masu koyar da darasi ɗaya ba su ba da maki da ma'auni biyu ba, ya ƙirga littattafai da kayan gwaje-gwaje, kuma ya kai rahoto ga shugaban makaranta. Kaso mai yawa na wannan aiki ba ya cikin jadawali. A tsaitsaye yake riskarsa, a bakin ƙofar aji ko a kan hanyar ofis: sabon malami ya roƙe shi ya zo ya ga darasinsa, wata malama ta ce littattafan ajinta ba su kai ba, mataimakin shugaba ya nemi sakamakon gwajin tsakiyar zango kafin ƙarshen mako. Kowannensu yana tafiya da yaƙinin an ji shi, alhali mutumin da ya amsa musu yana da darasi nan da minti biyu. Malaman da nake hulɗa da su sun san aikinsu sarai. Abin da yake wahalar da su shi ne alkawuran da suke ɗauka da baki, su ɓace kafin a tashi daga makaranta.

Saboda haka zuciyar littafinmu ita ce shafin bibiya. Kowane mako yana da shafuka biyu masu fuskantar juna. Na hagu na ranakun mako ne, inda malami zai sa darussansa da tarurrukansa. Na dama an raba shi gida uku: abin da aka nema ko aka alkawarta, wanda abin ya shafa, da ranar da za a koma kansa. Gida na uku shi ne mafi muhimmanci, domin aikin da ba a yanka masa rana ba yakan zauna a takarda har zango ya ƙare. Shawarar da nake ba duk wanda ya karɓi littafin ita ce ya ware minti goma a ranar ƙarshe ta mako, ya bi shafin layi-layi, ya soke abin da ya kammala, wanda ya rage kuma ya sake rubuta shi da hannunsa a shafin mako mai zuwa. Wannan sake rubutu yana da ɗan gajiyarwa, kuma da gangan muka bar shi haka. Idan mutum ya ga ya kwafi abu ɗaya mako uku a jere, hannunsa da kansa zai tilasta masa ya yanke hukunci: ko ya yi shi, ko ya miƙa wa wani malami a sashen, ko ya faɗa wa mai neman cewa ba zai yiwu ba.

Bayan wannan sai shafin manhaja, wanda muke sawa a farkon kowane zango. Batutuwan darasi suna jere daga sama zuwa ƙasa, azuzuwa kuma a gicciye, sannan kowane gida yana da wuri biyu: makon da aka tsara koyar da batun, da makon da aka koyar da shi a zahiri. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce labarin sashen gaba ɗaya. Idan aji ɗaya ya sha gaban ɗan'uwansa da mako biyu, shugaban darasi yana bukatar ya sani tun ana tsakiyar zango, lokacin da za a iya gyara, ba ranar da aka zauna tsara tambayoyin jarrabawa ba, inda za a tarar cewa rabin ɗalibai ba su taɓa jin batun da ake shirin tambayarsu ba. A ganina zaluntar ɗalibi ne a auna shi a kan abin da ba a koya masa ba, kuma shafi guda da aka cika da gaskiya yana iya hana hakan.

Shafin duba koyarwa shi ne wanda muka fi yin muhawara a kansa da makarantu. Mun ba shi wurin kwanan wata da aji, da wurin abubuwa biyu da malami ya yi da kyau, da abu ɗaya tak da ya kamata ya gyara, da ranar da za a zauna da shi, da ranar da za a sake shiga ajinsa. Wasu shugabannin makarantu suna neman mu ƙara gidan ba malami maki daga ɗaya zuwa biyar. Nakan gaya musu ra'ayina a fili cewa wannan gurbinsa takardar hukuma ce ta makaranta, domin littafin da shugaban darasi yake yawo da shi a hannu, yana ajiye shi a kan teburin ɗakin malamai, bai dace ya ɗauki hukunci a kan abokin aiki ba. Da wannan dalilin ne kuma muke buga gargaɗi a cikin bango cewa a yi amfani da haruffan farko maimakon cikakken sunan ɗalibi, kuma kada a rubuta abin da ya shafi lafiyarsa ko halin gidansu.

Ta fuskar aikin hannu, takarda ce farkon abin dubawa. Muna amfani da mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, saboda wadda ba ta kai haka ba takan bari tawada ta leƙo ta baya, musamman jar tawada da malamai suke yawan aiki da ita. Girma ma yana da nasa lissafi. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, kuma falle ɗaya mai giram 80 yana da nauyin kusan giram 5. Littafi mai shafi 192 falle 96 ne, wato kusan rabin kilo tun kafin a sa bango, kuma littafin da ya yi nauyi a ofis ake barinsa, daidai inda ba a bukatarsa. A5, mai milimita 148 da 210, rabin wannan nauyi ne amma yana matse shafin manhaja. Yawancin masu sayenmu sun fi natsuwa da B5, mai milimita 176 da 250. Muna naɗe takardun kashi-kashi, shafi 16 a kowane kashi, mu ɗinke da zare, domin ɗinkin zare yana barin littafi ya buɗe ya kwanta kuma yana jure shekara guda ta buɗewa da rufewa. Ɗaurin gam kaɗai yakan fara zubar da shafuka, na waya mai murɗe kuma yakan lanƙwashe a cikin jaka.

Ba ma buga kwanan wata a shafukan mako; lambar mako kawai muke sawa, mai littafi ya cika sauran. Shekarar karatu ba ta farawa lokaci ɗaya a ko'ina: wasu ƙasashe a Satumba, wasu a Janairu, Japan kuma a Afrilu, sannan hutun da ba a zata ba yana iya rusa kalanda a kowace makaranta. Wannan shawara tana taimakon kasuwancin ma, domin odar makarantu takan taru ne a 'yan makonnin da suka gabaci sabuwar shekarar karatu, kuma littafin da ba shi da kwanan wata ana iya buga cikinsa tun da wuri, a bar bango da sunan makaranta zuwa ƙarshe. Ba na fara buga oda sai shugaban darasi ɗaya aƙalla daga makarantar ya riƙe samfur ya yi rubutu a cikinsa, tun da mai sa hannu a kan odar sau da yawa ba shi ne zai yi amfani da littafin ba.

Ana yawan tambayata ko waya da kwamfuta ba su wadatar ba. Maki da ƙididdigar sakamako gurbinsu kwamfuta ne, kuma ban taɓa shawartar kowa ya kwafe su a littafi ba. Amma malamin da ake duba darasinsa yana jin bambanci tsakanin shugaba mai rubutu a littafi da mai latsa waya a bayan aji, haka ma ɗalibai. Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki hoton shafin manhaja lokaci-lokaci a adana, saboda littafi yana iya ɓata.

Kashi na ƙarshe, mai shafi 16, mun keɓe shi ne ga shekara mai zuwa. A nan shugaban darasi yake rubuta batun da ya ci mako uku alhali biyu aka ware masa, da tambayar jarrabawar da ta rikita ɗalibai saboda yadda aka tsara ta, da kayan da ya kamata a nema tun kafin a dawo hutu. Shafukan wannan kashi muna huda gefensu domin a iya yage su, ta yadda idan aka sauya wa malami wurin aiki zai miƙa su ga wanda ya gaje shi, ya tafi da sauran littafinsa.