Alhamdulillah motar Hajiya ta dawo gida, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar na ɗauko motar daga gareji, na tuƙa ta har Kura na dawo, ina tafe ina leƙen madubi kamar wanda ake bi bashi, babu hayaƙi ko na sigari. Alhamdulillah, Alhamdulillah. Sati uku cif rabona da barcin kirki, daren jiya kam sai da maman yara ta tashe ni sallar asuba.

Abin ya faro ne ranar da motar ta yi mana hayaƙi a Kwanar Dangora, muna kan hanyar kai Hajiya asibitin Shika a Zariya. Abu ɗaya ne har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa, lokacin da go-sulo ya sake mu bayan mun fi minti ashirin a tsaye inji na aiki, na taka totur, sai hayaƙi ya turnuƙe bayanmu har ban ga motar da ke bina ba, masu tallan rake suna ihu wuta wuta, ga Hajiya a baya ba ta iya fita da kanta, ƙafa a kumbure. Na buɗe ƙofa na sungume ta kamar jaririya, ita kuwa salati kawai take tana cewa ɗauko mini ledar maganina. Ashe ba wuta ba ce, amma wallahi a wannan minti ɗayan na gama sallamawa.

Camry ce ƙirar 1999, mai inji 2.2, ta ci kilomita sama da 340,000, marigayi Baba ya bar mana ita, da ita nake kai Hajiya Shika duk bayan sati biyu. Gareji biyu na kai ta, ba zan faɗi ko ina ba ne. Na farko ko bonet bai buɗe ba ya ce ringi ne, a sauke inji. Na biyu ya ce gasket ta ƙone, gara ma in nemi inji ɗan Kwatano in huta. Kuɗin da suka yanka min kuwa shi ne dai kuɗin maganin Hajiya na wata da watanni, na zauna na rasa wanne zan taɓa.

To a nan ne Allah Ya haɗa ni da dattijon da na rubuta wannan saƙon dominsa. Ya ce kada in sa sunansa a waya, na ji, amma duk wanda ke gyara a layinmu ya san Baba mai gareji na ƙarƙashin darbejiya, mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Da na gama zuba masa bayani sai ya ce ɗan nan, wane kala ne hayaƙin? Na ce Baba hayaƙi dai. Ya yi dariya ya ce ai nan ne aka cuce ka. Ajiye ta a nan ta kwana, gobe ka yi asuba ka zo, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin in zo.

Washegari da sanyin nan na hunturu na same shi ya riga ni. Tsoho ɗan shekara kusan saba'in ya tsuguna a bayan salansa, ya ce wa yaronsa tayar. Tana tashi ta tofo hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙaurin baƙin mai ya bugi hanci, kafin minti ɗaya ya washe. Ya tara tafin hannunsa a bakin salansar ya shinshina, ya murza yatsu. Ya ce a bar ta tana aiki a tsaye, muka sha shayi, bayan kamar minti goma ya ce taka, ta sake tofowa sannan ta yi shiru. Ya sa yaron ya hau titi da ita mu muna binsa a babur, tana gudu babu komai.

Sannan ya zaunar da ni a benci ya yi min karatun da ban taɓa samu ba duk shekarun da na yi ina tuƙi. Ya ce hayaƙin motar fetur kala uku ne kuma kowanne da maganarsa. Baƙi, fetur ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai a duba eya kilina da nozul, kuma za ka ji mota na shan mai kamar rijiya. Fari mai kauri wanda ba ya washewa ko inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda wuta take, nan ne ake zargin gasket, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, za ka ga ruwan lagireto na raguwa, mota na zafi. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna min, ya ce da ruwa na haɗuwa da mai da ka ga abu kamar madara a nan, babu. Ya buɗe lagireto tun da sanyinsa kafin a tayar, da inji ya tashi muka leƙa, ba kumfa. Ya ce ɗan farin tururin da kake gani da safe lokacin sanyi kuwa ba ciwo ba ne, ko sabuwar mota tana yi, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansa.

Shuɗi shi ne baƙin mai ke ƙonewa, kuma ta hanya biyu yake shiga, ko ta ƙasa ko ta sama. In ringi ne ya cinye, mai na hawowa daga ƙasa, hayaƙin ba ya hutawa, kana ƙara wuta yana ƙaruwa, ƙarfin mota ya ragu. In kuwa robobin bawul ne suka tsufa suka bushe, mai na ɗiga ne daga sama a hankali, ya taru in mota ta kwana ko ta daɗe a tsaye, kana tayarwa ya ƙone gaba ɗaya ya wuce. Ya ce shi ne abin da ya same ku a go-sulo. Duk da haka bai tsaya a baki ba, ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan kwali, ya ɗaura agogon gwada matsin inji a kowane rami, huɗun suka zo kusan daidai da juna. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ɗan nan injin mahaifinka da sauransa, kada ka bari a sauke shi. Wallahi sai da na juya baya, kada yaran gareji su ga idona.

Robobi 16 aka saya a Ƙofar Ruwa, da wani ɗan bawul na numfashin inji da ke kan murfin sama wanda ya toshe da dauɗa, shi ma ya ce yana ƙara tura mai inda bai kamata ba. Ko kan injin bai cire ba, igiya ya zura ta ramin fulogi ya juya inji har fistin ya danne ta, ta tokare bawul ɗin kada ya faɗa ciki, ya canza su ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu yana yi. Da na zo biya ya karɓi rabin abin da muka yi, ya ce sauran a saya wa Hajiya lemo. Na yi na yi ya ƙi.

Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka yadda ka ji ƙanmu, Ya kai ka Makka ka ga ɗakinSa da idonka, Ya sa Aljanna ce makoma. Yaronka da ya sha sanyi da mu, Allah Ya ba shi nasa garejin.

Godiya ga direban Sharon ɗin da ya sauke kayansa ya ɗauki Hajiya ya ƙarasa da ita asibiti ranar, ko lambarsa ban karɓa ba saboda ruɗewa, in wani ya san shi ya isar min. Maƙwabcina mai kanti da ya ba ni aron motarsa har sau biyu bai ce ko zuba mai ba. Liman da jama'ar masallacinmu. Ƙanwata da ta kwana uku a Zariya ta bar yaranta. Maman yara da ta sayar da abin da ta sayar, ta ce kada in faɗa. Da ku 'yan nan da kuka dinga kira da turo addu'a, har da wanda ya fara cewa in nemi ra'ayi na uku kafin in sauke inji. Allah Ya biya kowa da mafificin alheri, Ya raba ku da tsayuwar hanya, Ya ba marasa lafiyarku lafiya, amin.

'Yan uwa na jini da ke da motoci biyu uku a rufe da tamfol, mun gode da saƙon Allah Ya sawwaƙe, ya iso. Hajiya ta tambaye ku, na ce aiki ne ya yi muku yawa.

Baba mai gareji ya ce in dinga zare gejin baƙin mai duk safiya na wata guda in ga ko yana sauka, yau na duba yana nan a kan layi. Alhamis in sha Allahu za mu koma Shika da ita, a sa mu a addu'a. Mai jarkar da na ara a Kwanar Dangora, tana but, zan tsaya in miƙa maka.