Kafet ɗin ba shi da laifi, daɓen ne bai bushe ba

Kafet biyu na saya wa falo ɗaya cikin shekara guda, kuma na farkon bai tsufa ba, yara ba su ɓata shi ba. Ruɓewa ya yi daga ƙasa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin abin da zai hana wannan asarar bai wuce guntun leda da salatif ba, kuma wanda na ba aikin kafet ɗin, sana'arsa ke nan, ya kamata a ce ya sani.

Tsohon daɓen falon ne ya farfashe, na sa magini ya fasa shi ya zuba sabo, kaurinsa kusan santimita 5. Da ya gama ya ce a ba shi kwana 28, bayan nan a ɗora duk abin da ake so a kai. Muka jira. Daɓen ya yi fari fat, in ka taka shi ba takalmi ba ka jin komai. Na kira mai shimfiɗa kafet da wani abokina ya yaba mini, ya zo da tef ɗinsa, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya faɗi kuɗinsa, muka daidaita. Ko sau ɗaya bai sunkuya ya taɓa ƙasan ba. Ranar aiki ma ba shi ya zo ba, yaransa ya turo. Suka share, suka shafa gam, suka manna kafet mai roba a baya kai tsaye a kan siminti. Gaskiya ya yi kyau a ido, duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Ba a yi nisa ba wari ya fara. Wani irin warin rima ne, wanda ya fi tashi da safe in ɗakin ya kwana a rufe. Da farko aka ɗora wa yara laifi, wai ko sun zubar da wani abu sun yi shiru. Uwargida ta sa aka goge, aka buɗe tagogi, aka kunna fanka, warin yana nan daram. Sai wata rana na janye doguwar kujera na ɗaga lungun kafet ɗin, ya taso ba gardama, kamar ba a taɓa manna shi ba. Gam ɗin ya koma wani abu mai yauƙi, bayan kafet ɗin duk ɗige-ɗigen baƙar funfuna, simintin kuma ya yi duhu, da farin gari kamar gishiri a gefen bango. Na ɗora tafin hannuna a wurin, sanyi ƙalau.

Amsar da na samu ta fi asarar ciwo. Na kira mai kafet, ya zo ya leƙa, ya ce: "Maigida, ni kafet ka ba ni in shimfiɗa, ba daɓe ba. Ka nemi magininka." Na nemi magini, shi kuma ya ce: "Ranka ya daɗe, siminti ya kama, je ka buga shi da guduma ka gani." Kowa ya zame, aka bar ni da kafet mai wari da ba wanda zai karɓe shi ko kyauta.

Mai kafet na biyu da na samu dattijo ne, kuma daga shigowarsa na ga bambanci. Bai ciro tef ba. Durƙusawa ya yi yana shafa ƙasa, yana tambayata yaushe aka zuba daɓen, nawa ne kaurinsa, an shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa kafin a zuba ko ba a shimfiɗa ba. Sannan ya yanki leda mai faɗin kamar santimita 45 ta kowane gefe, ya manna ta a ƙasa da salatif, ya rufe bakinta ruf, ya yi haka a wurare uku, ya ce kada a taɓa sai aƙalla awa 16. Washegari da muka ɓalle, ga ɗigon ruwa nan jere a cikin ledar, simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu. Ya dube ni ya ce: "Malam, ko kyauta ka ba ni kafet ba zan shimfiɗa shi a nan ba yanzu."

Shi ya warware mini maganar kwana 28 ɗin. Wannan lissafin ƙarfin siminti ne, wato lokacin da ake auna ko ya kama yadda ake so. Bushewa daban take. Ruwan da aka kwaɓa shi da shi ba duka siminti ke cinyewa ba, ragowar sai ya bi ta sama ya fita a hankali. Ƙiyasin da masu aikin ke bi shi ne kusan kwana ɗaya ga kowane milimita ɗaya, har zuwa milimita 40 na farko, abin da ya haura haka kuma ya fi jinkiri, wannan ma in ɗakin yana samun iska. Ke nan daɓena mai santimita 5 yana buƙatar wata biyu ko fiye, aka rufe shi da roba tun bai kai rabin hanya ba. Saman ne kawai ya bushe ya yaudari ido. Ruwan da aka toshe wa hanya ya taru a ƙarƙashin robar, ga shi ruwan da ya ratso siminti kaifi gare shi irin na ruwan toka, shi ne ya narkar da gam ɗin. Funfuna kuwa danshi da duhu kawai take nema.

Ya ƙara da wani abu da nake ganin duk mai gida ya kamata ya riƙe. Danshin daɓe iri biyu ne. Akwai ruwan kwaɓi, wanda in ka yi haƙuri zai fita ya ƙare. Akwai kuma wanda ke tasowa daga ƙasar da gidan ke kai, in ba a sa leda mai kauri a ƙarƙashin kankare ba. Wannan ba ya ƙarewa ko shekara goma ka jira, sai an shafa maganin tare danshi a saman, ko a haƙura da kafet a sa tayil. Allah Ya taimake ni magini ya sa ledar, nawa na jira ne kawai. Kuma dattijon bai ɓoye mini ba cewa gwajin leda yana kama daɓen da ke jiƙe ne, amma ledar ta fito a bushe ba hujja ba ce cewa komai ya yi. Akwai na'urar auna danshi da ake ɗorawa a kan daɓe, a ƙa'idar da ake bi a Ingila sai ta nuna kashi 75 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin a shimfiɗa. Ya aro ta wajen wani abokin sana'arsa, sai da ta sauka sannan ya yarda ya fara.

Muka zauna a falo ba kafet, ƙasa tsirara, duk baƙon da ya zo sai na yi masa bayani. Zaman bai yi mini daɗi ba, amma ya fi mini zama da warin.

Da lokacin ya yi, sai na ga yadda ake aikin in mai shi ya san abin da yake yi. Ya kankare ragowar tsohon gam tas. Ya kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa yana jan sa, duk inda rata ta wuce milimita 3 sai ya zagaye da alli, ya cike kwari, ya goge tudu. Ya ce kafet ba ya ɓoye tudu, a kan tudun ma yake fara cinyewa. Wajen awo kuma ya nuna mini abin da na farkon bai taɓa ambata ba. Bandir ɗin kafet yakan zo da faɗin mita 4 ko 5, wani kuma 3.66, falona kuwa ya ɗan haura mita 4, don haka dole a yi haɗi ko a sayi mai faɗin mita 5 a yi asarar yanki. Na farkon ya kawo haɗin ne daidai bakin ƙofa, inda kowa ke takawa, shi ya sa tun kafin warin ma bakin ya fara tashi. Wannan ya zana mini ɗakin a takarda, ya mayar da haɗin can gefen da kujeru ke zama, ya sa ya miƙe ta inda hasken taga ke bi don kada ya yi inuwa. Ya tabbatar gashin yankin biyu gefe ɗaya ya kwanta, in ba haka ba sai ka ga kamar launi biyu ne, kuma ya dage a yanko su daga bandir ɗaya, tunda rini yakan ɗan bambanta.

Gam kuwa bai shafa shi a tsakiyar ɗaki ba sam. Siraran katako masu ƙananan ƙusoshi ya kafa a kewayen bango, ya shimfiɗa soso, ya ɗora kafet, ya ja shi da ƙarfen ja har ya yi tsam, sannan ya maƙale shi a ƙusoshin. Ƙaramin ƙarfen ja da ake bugawa da gwiwa kuwa, in ji shi, na lungu ne da gyaran gefe, in da shi kaɗai aka ja babban ɗaki sai kafet ya tattare daga baya. Amfanin wannan tsarin a wurina shi ne yanzu ina iya ɗaga lungu in duba ƙasa duk lokacin da na ga dama, kuma ina dubawa. Ƙofa biyu sai da kafinta ya rage musu ƙasa saboda kaurin soson, dattijon ya gaya mini haka tun kafin a fara, bai bari na gani a ranar ba.

  

Masu cewa araha ba ta ado suna da gaskiya, amma a nan ba araha ce ta cuce ni ba, domin kuɗin aikin mutanen biyu bai yi nisa da juna ba. Bambancin shi ne ɗaya ya ɗauki daɓen a matsayin aikinsa, ɗayan bai ɗauka ba. Yanzu duk wanda na kira, ina tsayawa ne in ga me zai fara dubawa. In ya faɗi kuɗi bai sunkuya ba, bai tambayi shekarun daɓen ba, sai in yi masa godiya in raka shi ƙofa. Ina kuma tambaya ƙarara: kai za ka zo ko yaranka? Ba laifi yara su yi aiki, a haka ake koyo, amma wanda ya yi ciniki da ni shi nake so ya tsaya a kansu.

Da dattijon a rubuce muka yi komai, shi ma ya fi son haka. Takardar ta ce shi ke da alhakin duba danshi da daidaita ƙasa, ta nuna inda haɗi zai faɗa, wane soso za a sa, wa zai kwashe tsohon kafet, wa zai biya kafinta. Na ba shi kafin alƙalami na kayan aiki, na biya kaso mafi yawa ranar da ya gama, na riƙe ɗan saura har mu zauna a kai mu gani. Na farkon duka kuɗinsa ya karɓa a ranar, shi ya sa da na kira shi ba abin da zai dawo da shi. Wannan kuwa da kafet ya ɗan saki a bakin ƙofar ɗaki na buga masa waya, ya zo da ƙarfensa ya sake ja, ya ɗaga lungu biyu muka duba ƙasan tare, a bushe yake ƙamas, sannan na cika masa kuɗinsa.