Godiya Bayan Gasar Barkonon Gida

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, gasar masu noman barkono a tsakar gida ta unguwarmu ta gudana ranar Asabar, an watse lafiya. Godiyarmu ta farko ga mai girma Mai Unguwa, ran Baba ya daɗe, da ya ba da fili ya kuma zauna har aka gama ɗanɗane. Matasan da suka kafa rumfa suka ɗauko buhunan shuka daga gida gida a baro, ba tare da reshe ɗaya ya karye ba, Allah Ya yi muku albarka.

Alƙalanmu, malamin gona da iyayenmu mata biyu, mun gode da adalci. Ba a kan zafi kaɗai suka yanke hukunci ba. Sun duba lafiyar ganye, yawan 'ya'ya a gindi ɗaya, kaurin fata da ƙamshi, kuma kowane iri da ajinsa. Hakan shi ne daidai, don a ma'aunin zafin barkono na Scoville, wanda Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, dangin attaruhu kan kai 100,000 zuwa 350,000, dangin shambo 30,000 zuwa 50,000, tattasai kuwa ɗan yajinsa kaɗan ne. Haɗa su a aji ɗaya zalunci ne ga mai tattasai.

Waɗanda ba su samu kyauta ba sun fi cancantar a gode musu, domin sun kawo shukarsu da ciwonta, kowa ya gani ya ƙaru. Abin da ya fi kayar da mutane ruwa ne, ba taki ba. Bokitin fenti mai lita 20 ko buhun siminti da aka wanke yana ɗaukar gindi ɗaya kacal, kuma dole a huda ƙasansa wuri shida zuwa takwas. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Inda ba a huda ba, ruwa ya kwanta, ganyen ƙasa ya yi rawaya, shukar ta yanƙwane alhali ƙasarta jiƙe take. Mai ita ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. A tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a haƙura. Baƙin tabon nan da ke cin ƙasan ɗan tattasai kuwa ba cuta ce mai yaɗuwa ba: yau a cika ruwa, gobe da jibi a manta, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa cikin ɗan.

Attaruhu yana da nawa wajen tsiro, mako biyu zuwa uku, sanyin hunturu kuma yana ƙara jinkirta shi, don haka kada a zubar da ƙasar reno da wuri. Ana dashe bayan mako biyar zuwa shida, idan ya yi ganye huɗu zuwa shida, kuma da yamma. Mako biyu bayan dashe a binne cikin murfin kwalba ɗaya na takin zamani NPK 15:15:15 nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu. Mun ga bishiyoyi kore shar, har ƙugu, babu 'ya'ya: yawan yuriya ne. Waɗanda suka makara kuma furensu zai haɗu da zafin Maris da Afrilu ya zube, sai dai a yi musu inuwar rana tsaka.

Muna gode wa malamin gona kan bayanin nannaɗewar ganye. Farin ƙuda da darɓa ne ke ɗauko cutar, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a fitar daga gidan. Rigakafi shi ne a daka 'ya'yan dogon yaro giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa ƙarƙashin ganye da yamma duk mako.

Sai iyayenmu da yayyenmu mata, da suka mai da girbin abinci. Ɗan wake da yaji ya ƙare kafin la'asar. Masu tambayar awon yajin: gwangwanin madara uku na ƙuli-ƙuli, ɗaya na garin shambo, rabi na citta, ɗan masoro, kanumfari ƙwaya biyar zuwa shida, busasshiyar tafarnuwa, gishiri da dunƙule. Kanumfari in ya yi yawa yakan danne komai. Barkonon sai an shanya shi a kan tabarma ko faranti sama da ƙasa, har ya riƙa karyewa ƙas a hannu. Wanda ke lanƙwasa da sauran ruwa a jikinsa, zai yi fumfuna a kwalba. Soyayyen jajjagen kuwa attaruhu goma ne, tattasai biyar, albasa uku, a man gyaɗa, wuta kaɗan kaɗan har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. Mai son ƙamshi ba zafi ba ya kankare farin jijiyar ciki, nan zafin yake taruwa, ba a ƙwayar iri ba. Wadda ta kawo ƙwaryar nono, Allah Ya saka da alheri, don ruwa ba ya kashe wannan zafin, madara ce ke yi.

Masu ajiye iri su lura: buhunan da suka zauna kusa da juna ƙudan zuma na iya gauraya su, bambancin kuma sai a shukar baɗi zai fito. A ɗauki iri daga ɗan da ya nuna ja sosai a gindi mai lafiya, a busar a inuwa, a sa a ambulan ɗin takarda a rubuta sunansa.

Akwai faranti biyu da turmi ɗaya da aka bari a wurin taro, suna ƙofar gidan Mai Unguwa. Allah Ya maimaita mana.

Kwamitin shirya gasa